Harajin Babur Ɗin da Ba Ta Taɓa Hawa Ba

Shekara goma sha tara tana guga a ɗakin wanki na wani otal, can ƙarƙashin ƙasa inda babu taga, inda tururi ke sa bango zufa. Abokan aiki suna kiranta Uwar Guga. A gida kuwa Yaya Babba ce, don ita ce ta fari a cikin su shida. Bayan hannunta na dama duk tabon dutsen guga ne. Abin da take taƙama da shi a duniya bai wuce biyu ba: ba ta taɓa cin bashin kowa ba, kuma tana da ɗan abin da ta tara a banki, wanda ya kai albashinta na wata biyar. Burinta ta kama ƙaramin shago, ta sa injin wanki ɗaya, ta huta da gugar zanin gadon da ba ta san waɗanda suka kwana a kai ba.

Ranar da albashi ya shiga, ta tsaya a na'urar cire kuɗi a hanyarta ta komawa gida. Sau uku na'urar tana tofo mata katinta. Ta shiga cikin bankin, wani ma'aikaci ya danna kwamfuta, ya ɗago ya dube ta.

"Mama, ba daga wajenmu ba ne. Ofishin haraji ne suka sa a riƙe asusun."

"Haraji kuma? Ai tun kafin albashin ya iso hannuna ake yanke shi."

"Can za ki je ki faɗa musu," in ji shi, ya kira na bayanta.

Washegari ta roƙi rabin yini a wurin aiki. Ofishin haraji cike yake da mutane, kowa riƙe da 'yar takardar lamba, a kan kujerun ƙarfe da aka haɗe su wuri guda. Sai wajen azahar lambarta ta fito. Ma'aikaciyar da ke bayan gilashi tana fama da mura, tana magana tana jan hanci.

"Ban da otal, wane aiki kike yi?"

"Ba na yin komai."

"A nan an rubuta kina kai wa mutane saƙo a babur."

Wani da ke bayanta a layi ya tuntsire da dariya. Yaya Babba mace ce mai jiki, wadda sai ta huta sau biyu kafin ta gama hawa matakalar otal.

"Ni? 'Yar nan, ko goya ni aka yi a babur sai na rufe ido."

Ma'aikaciyar ta juyo mata da fuskar kwamfutar. Ga hotonta, ga sunanta, ga lambar katin shaidarta. Wani kamfanin kai saƙo, irin wanda ake kira ta manhajar waya, ya miƙa wa hukuma jerin duk waɗanda suka samu kuɗi ta hannunsa. A cikin jerin, ita ta yi shekara uku da wata biyu tana aiki, ta kai saƙo fiye da dubu goma sha shida.

"Kamfanin ba ya cire wa kowa haraji," ma'aikaciyar ta ce, ta share hanci. "A wajensa ke ba ma'aikaciya ba ce, mai zaman kanki ce. Ke ya kamata ki riƙa kawowa duk shekara. Mun aika miki wasiƙa huɗu, ko ɗaya ba ki amsa ba. Yanzu ga haraji, ga tara, ga tarar tara."

Ta rubuta jimillar a 'yar takarda, ta turo ta ƙarƙashin gilashi. Yaya Babba ta lissafa da yatsu: albashinta na wata goma sha huɗu. Abin da ke banki an riga an kwashe. Saura na wata tara.

"Ina kuka aika wasiƙun?"

Aka karanta mata adireshin. Gidan Inna ne, mahaifiyarta.

Nan take ta tuna. Shekara uku da suka wuce Auta, ƙaramin ƙaninta, ya zo ya same ta a ƙofar baya ta otal, yana ta marairaicewa. Ya ce kamfani ya rufe masa asusu saboda ya yi faɗa da wani kwastoma, kuma ba laifinsa ba ne. Ta ara masa katin shaidarta na kwana biyu kawai ya buɗe wani. Ita ta goye shi yana jariri, ita ta biya masa kuɗin makarantar da bai gama ba. Ta ba shi. Ya ɗauki hoton fuskarta da wayarsa, ya sa ta sa hannu a wurare biyu. Tun daga nan, duk bayan 'yan watanni yakan leƙo ya ce manhaja na son ganin fuska, ta tsaya da rigar aiki ya ɗauka, ya ce Allah ya bar zumunci, ya tafi.

Daga ofishin ba ta koma aiki ba, gidan Inna ta nufa.

Ta tarar da Auta a miƙe a kan doguwar kujerar da ya saya wa Inna bara, ƙafa ɗaya a kan ɗaya, yana latsa waya. Ya yi ƙiba, wuyansa ya yi tsoka. Inna na gefe tana jera ƙwayoyin maganinta a faranti.

"Ina wasiƙuna?" in ji Yaya Babba, ko zama ba ta yi ba.

"Babu gaisuwa?" Inna ta ce. "Waɗanne wasiƙu?"

Ba sai an nuna mata ba. Firij ɗin da ke kusurwa ƙafarsa ɗaya ta gaza, an naɗe takardu an tokare shi da su. Ta durƙusa ta zaro, firij ya karkata. Ambulan huɗu, duk da sunanta, duk an farke su.

Ta faɗa musu komai, tun daga na'urar banki har jimillar da aka rubuta mata. Auta bai tashi zaune ba.

"To, Allah ya kyauta," ya ce.

"Allah ya kyauta? Kai ka ci kuɗin, ni zan biya?"

"Wane kuɗi na ci? Yaya, mu yi maganar hankali. Akwai inda aka rubuta sunana? Kawo takarda ɗaya mai sunana, wallahi yanzu in biya."

"Auta, ni kake faɗa wa haka?"

"Na sa miki wuƙa a wuya? Da hannunki kika ba ni kati. Duk sanda na zo ɗaukar hoto har murmushi kike yi."

Ta juya ga Inna, tana jiran ko kalma ɗaya. Inna ta rufe kwalbar magani a hankali.

"Kin ga maganin nan? Shi ke saya. Kujerar nan, shi. Da aka kwantar da ni asibiti, wa ya biya? Ke me kike kawo mini ban da guntayen sabulun otal? Yanzu don abu ya faɗo kanki sau ɗaya, kin zo za ki ɗaga mini jini."

"Inna, wata goma sha huɗu fa. Kuɗin shagona duk sun tafi."

"Babba juji ne. Kuma ke kina da albashi, shi me yake da shi? Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. In kika kai sunan ɗan nan gaban hukuma, kada ki zo kan gawata." Ta nuna kusurwa da haɓa. "Mayar da takardun nan, ruwa zai zubo daga firij."

Ba ta mayar ba. Tana fita ta ji Auta yana cewa, "Inna, ki bar ta, zafin guga ne ya hau mata kai," ta kuma ji dariyar Inna.

A bakin ƙofa ta ci karo da maƙwabciyar Inna, wadda duk abin da aka faɗa a gidan ta bango take jin sa. Matar ta rage murya.

"Ke ma dai da sanyin jiki kike. Yaushe rabon yaron nan da hawa babur? Wani tsoho yake ba hayar asusun. Ki je gindin gada, inda masu kai saƙo ke jira, ki ce Baba Sannu-sannu kike nema."

Ranar hutunta ta je. Babura sun fi talatin a inuwar gada, kowanne da akwati a baya, masu su na zaune a kai suna kallon waya. Da ta ambaci sunan, wani ya ɗaga murya, "Baba, ga amarya ta zo!" Aka yi dariya. Wani dattijo siriri mai farin gemu ya cire hular kwano, ya taho yana ɗingishi kaɗan. Yana ganin fuskarta ya washe baki.

"Uwar ɗakina! Yau ga ni ga ki. Shekara uku kullum da fuskarki nake karyawa."

Ya nuna mata wayar da ke ɗaure a kan babur, ga hotonta a ciki. Ya share mata wani dakali da hannun rigarsa. Ya ce dā direban motar makaranta ne, aka sallame shi da ya haura sittin. Kamfanin kai saƙo ma ba ya ɗaukar wanda ya wuce sittin, shi ya sa yake hayar sunan wani. Sannu-sannu suke ce masa don bai taɓa wuce ja a danja ba. Matarsa ta samu shanyewar ɓarin jiki, ga jikoki uku da 'yarsa ta rasu ta bari. Babur ɗin ma na bashi ne, saura wata bakwai ya gama biya.

"In kwastoma ya ce ai mace ya gani a waya, sai in ce 'yata ce, ƙafa ke mata ciwo," ya ce yana dariya. "Kin ga har taurarin yabon kwastomomi kusan biyar na tara miki. Ban taɓa ɓata miki suna ba."

"Baba, nawa kake ba ƙanina?"

"Kashi ɗaya cikin uku, kuɗin haya. Sai ɗaya cikin goma na haraji."

"Na me?"

"Haraji. Ya ce ke mace ce mai bin doka, ba kya son wasa da hukuma. Duk mako yake cirewa kafin ya turo mini nawa. Ni ma na fi son haka, mutum ya kwanta da kwanciyar hankali."

Ya buɗe mata saƙonnin. Mako bayan mako, shekara uku: haya kaza, haraji kaza, saura kaza. A ƙarƙashin kowanne tsohon ya rubuta, na gode, Allah ya ƙara buɗi.

Ta faɗa masa gaskiya, cewa ko ƙwandala ba ta isa ofishin haraji ba. Ya juya hular kwano a hannu.

"Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi," ya ce daga baya. "To yanzu yaya za a yi?"

"Ka turo mini saƙonnin nan duka, in kai musu su ga wanda ya ci."

"Uwar ɗakina, in kamfani ya ji, sun rufe ni. In sun rufe ni, masu babur sun ƙwace abinsu."

"Ba wanda zai ji. Na tambaya a ofishin, sun ce sunanka ba zai fito ba."

Ba ta tambayi kowa ba. Maganar ta fito mata sumul, har ita kanta ta yi mamaki. Tsohon ya dube ta, ya ce tunda ita ta faɗa shi ke nan, ya tura. Har ya so ya rage mata hanya kyauta, ta ce a'a, mota za ta hau.

A zuwa na biyu aka shigar da ita wurin wani babban jami'i, mai ofis da labule da na'urar sanyi. Mutum ne mai fara'a, har ruwa ya sa aka kawo mata. Ya karanta saƙonnin da ta buga a takarda, ya danna kwamfuta na ɗan lokaci, sannan ya cire tabarau.

"Kin ce wannan lambar ƙaninki ce?"

"Tasa ce, ranka ya daɗe."

"Da sunanki aka yi wa layin rajista. Asusun waya da kamfani ke zuba kuɗin ma naki ne, ga sa hannunki. Kuma kuɗin a hannu ake cire su." Ya jera takardun a kan tebur. "Kin san abin da kika kawo mini? Shaida ce cewa kin ba da hayar sunanki, kuma kina karɓar haraji daga hannun wani ba da izini ba. In na miƙa wa 'yan sanda, ke za su fara ɗauka. Shi ƙanin naki ko shayi ba zai fasa sha ba."

Ta ajiye ruwan da aka kawo mata.

"Ni na yarda da ke," ya ce. "Irinki goma nake gani a mako. Amma yarda ba ta shiga fayil. Abin da zan iya yi miki ɗaya ne. Takardun nan sun nuna cewa mafi yawan kuɗin wajen wannan dattijon suka tafi. In kika sa hannu cewa shi ya yi aikin, kika ba mu lambarsa da inda ake samunsa, sai mu mayar da kasonsa kansa. Naki ya sauko daga wata goma sha huɗu zuwa takwas, don tarar tana nan a kanki. Biyar mun riga mun karɓa. Sauran mu riƙa cire kwata daga albashinki."

"Shekara nawa ke nan?"

"In kin sa hannu, ɗaya. In ba ki sa ba, uku."

"Kamfanin zai sani?"

"Dole mu sanar da su."

"Ranka ya daɗe, mutumin nan ya biya harajinsa. Duk mako ya biya."

"Ba mu ya biya ba."

Ta ce matar tsohon ba ta da lafiya. Jami'in ya ce Allah ya ba ta lafiya, ya duba agogo, ya ajiye biro a kan takardar, kan biron yana kallonta. Ta tuna kuɗin hayar ɗakinta, da gwiwoyinta da suka fara ƙara, da shekara uku tana tsaye cikin tururi tana wa Auta aiki. Ta ce a ranta, kowa tasa ta fisshe shi. Ta sa hannu. Da aka zo wurin da ake rubuta inda za a same shi, ta rubuta gindin gada, har ta ƙara da cewa yakan zo tun bakwai na safe.

Bayan kwana goma sha biyu mai gadin ƙofar baya ya leƙo ɗakin wanki ya ce wani tsoho na sallama da ita. Ta ce a ce ba ta nan. Mai gadi ya dawo ya ce tsohon ya ce zai jira. Sai da ta goge zanin gado ashirin sannan ta hau.

Yana tsugune kusa da kwandunan shara, babu babur, babu hular kwano. Kansa ya yi ƙanƙanta ba hular. Ya miƙe da ƙyar ya gaishe ta kamar yadda ya yi ran farko. Ya ce ranar Talata waya ta ƙi buɗewa, ranar Asabar masu babur suka zo suka tafi da abinsu, duk abin da ya biya a baya ya bi ruwa. Ya je wurin Auta, Auta ya ce bai san shi ba, ya ce in ya sake zuwa zai sa a kama shi. Sannan jiya wani ya kawo masa wannan a gindin gada.

Ya miƙo mata ambulan.

"Rubutun ƙanana ne, idona ba ya gani. Na ƙi ba yaran gada su karanta, kada su yi da ni. Na ce bari in kawo wa uwar ɗakina."

Ta karanta masa a tsaye. Haraji kaza, tara kaza, a biya cikin kwana talatin. Da ta zo layin da ke cewa bisa bayanin da mai asusun ta bayar kuma ta sa wa hannu, ta so ta tsallake, sai ta ga yana bin bakinta da ido. Ta karanta shi ma.

"Mai asusun," ya ce. "Ke ke nan."

"Ni ce."

"Kin ce sunana ba zai fito ba."

"Baba, ni ma cuta ta aka yi. Da ban sa hannu ba, shekara uku za su yi suna yankar albashina. Kai da kanka ka san hayar suna laifi ne, ba wanda ya tilasta ka."

Tana faɗa ta ji muryar Auta ce ta ara. Tsohon ya gyaɗa kai, kamar wanda aka faɗa wa farashin kaya. Ya karɓi takardar ya ninke ta gida huɗu, ya sa a aljihun gaba.

"Da kin faɗa mini tun ran nan," ya ce, "da na sayar da babur ɗin da kaina, in biya su, in rage wani abu. Wannan kaɗai."

Ta laluba jakarta ta fito da kuɗin mota ta miƙa masa. Ta zaci zai ƙi. Ya karɓa da hannu biyu, ya ƙirga, ya ce ba za su kai shi gida ba, mota biyu yake hawa. Ta ƙara masa. Ya yi godiya ya tafi, yana bin gefen bango.

Shugabar ɗakin wanki ta rubuta mata minti ashirin da biyar na barin aiki ba izini.

Ta gama biyan nata a wata goma sha uku. Shago kuwa ba ta sake maganarsa ba. Auta ya buɗe sababbin asusu biyu da sunan matarsa da na wani ɗan kawunsu, ya sayi mota ta hannu, kuma shi ke kai Inna asibiti a ciki. Yaya Babba ta yi wata huɗu ba ta taka gidan ba, har sauran ƙannen suka taru suka ce ita ce babba, ita za ta ba da haƙuri. Ta je ta durƙusa. Inna ta ce ta yafe mata.

Sau ɗaya ta sake ganin Baba Sannu-sannu, a bakin kasuwa, yana tura baro cike da buhunan siminti, wata mata na binsa tana masa tsawa ya yi sauri. Bai gan ta ba. Ta shige wani shagon takalma, ta tsaya tana tambayar kuɗin takalman da ba za ta saya ba, har sai da mai shagon ya ce in ba saye za ta yi ba ta ba mutane hanya.